Kafin a Ɗora wa Sensa Laifin Shan Mai

Dayi gari ne na mararraba. A nan hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo take haɗuwa da wadda ta fito daga Funtua ta ratsa Malumfashi, kuma manomin da ya sayar da masararsa ko waken suya, da ɗan kasuwar da ya saya, duk tsohuwar mota ce ke kai su tana dawo da su. Ko dai Golf 3, ko Sharan, ko Peugeot 406, ko Corolla da ta gama ƙuruciyarta a Turai kafin ta shigo ta Kwatano. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, kuma ko autar cikinsu ta haura shekara 25 tana bisa titi.

Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, direba kan haƙura da motar da ke ɗan zarce ƙa'ida wajen shan mai. Daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, wannan haƙuri ya ƙare: cikin 'yan kwanaki lita ta wuce naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Yau kukan da aka fi kai wa gareji shi ne mota tana shan mai, ba ta tsayawa a silo, ko tana cijewa in an taka totur. Abin da kan biyo baya kowa ya san shi. A canza fulogi. A wanke nozul. In ba ta daina ba, a ce sensar salansa ce, a sa direba ya aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wata. In har yanzu da saura, sai a yanke wayarta a huta.

Wannan canki-cankar tana cin aljihun direba fiye da cutar kanta, kuma akwai hanyar kauce mata da ba ta fi ƙarfin garejin bakin hanya ba.

Sai an fara sanin aikin da wannan sensa take yi. Injin fetur yana ƙona mai yadda ya kamata ne idan kowane kashi ɗaya na mai ya samu kashi 14.7 na iska, a lissafin nauyi. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera ƙaramar na'ura da ake ɗaurawa a jikin salansa domin ta riƙa shinshina hayaƙi, Volvo kuma ya fara sa ta a mota a 1976. Idan iskar oksijin ta yi saura da yawa a hayaƙin, tana aika wa ƙwaƙwalwar mota wuta kaɗan, wajen bolt 0.1, wato mai ya yi ƙaranci. Idan babu saura, wutar kan haura kusa da 0.9, wato mai ya yi yawa. Ƙwaƙwalwa na ji tana ƙarawa ko ragewa, ba tsayawa. Sensa ba ta fara wannan aiki sai ta ɗauki zafin da ya kai digiri 300 ko fiye, shi ya sa mafi yawansu ke da hita a ciki.

Ke nan matsayinta na mai ba da shaida ne: abin da ta gani take faɗa. A nan ne ake yawan zaluntarta. A motoci da yawa, duk iskar da ke shiga inji ana lissafa ta a bakin hanya, kafin ƙwaƙwalwa ta yanke yawan man da za ta fesa. Idan wani tiyo ya tsage a bayan wurin lissafin, inji zai riƙa zuƙar iskar da ba ta cikin lissafi. Sensa za ta ce mai ya yi kaɗan, kuma gaskiya ta faɗa. Ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai har ta kai iyakarta, sannan ta kunna fitilar gargaɗi, ta ajiye lambar P0171. Wanda ya jona kwamfuta ya ga wannan lamba, ya ce sensa ta mutu, ya karanta rabin saƙo ne kawai. Za a sa sabuwa, ita ma ta faɗi abin da tsohuwar ta faɗa, kuɗi kuwa sun tafi.

Roba ba ta jure wa wannan ƙasa. Zafin Maris da Afrilu, bushewar hunturu, ga girgizar hanyoyin ƙauye da kaya fiye da kima, duk suna sa tiyon da ya shekara 20 ya ƙeƙashe ya tsattsage. Wuraren da ya kamata ido ya fara zuwa su ne babban tiyon da ke tsakanin matatar iska da maƙogwaron inji, musamman cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ba a gani, da ƙaramin tiyon da ke kwashe tururin baƙin mai daga kan inji, da gasket ɗin manifol. A Golf 3 mai inji 1.8 da nozul guda ɗaya, faifan robar da injekta ke zaune a kai sananne ne wajen tsagewa. Akwai kuma tiyon da ke zuwa tukunyar birki, wanda ya fi sauran haɗari, domin ranar da ya buɗe sosai birki zai yi tauri a ƙafar direban da ke ɗauke da fasinja.

Rarrabe tsagewar tiyo da sauran matsaloli ba wuya. A motar da ke karɓar kwamfuta, akwai adadin da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa a kan lissafinta na asali. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 a silo, amma ya sauko da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, domin ɗan ramin ba ya tasiri idan totur ya buɗe. Idan kuwa adadin ƙaruwa yake yi da an taka, sai a koma kan famfon mai, matatar mai, ko na'urar auna iska da ƙura ta lulluɓe. Inda babu kwamfuta, kunne na iya jin tsiyayar iska, a kuma toshe bakin hanya a hura hayaƙi ciki inji na kashe, a ga inda zai ɓullo. Masu yayyafa fetur a kan inji mai zafi don su ji canjin ƙara suna wasa da gobara ne. Fesa ruwa kaɗan yana nuna wurin ba tare da an ƙona motar mutane ba.

Sensa ma tana mutuwa, ba a musa wannan ba. Tsufa na sa ta nawa. Inji mai shan baƙin mai ko mai zubar da ruwan lagireto cikin silinda yana toshe mata hanci, haka ma wasu nau'o'in gam da ake shafawa a madadin gasket. Amma mutuwarta abu ce da ake gani da mita: lafiyayya, a inji mai zafi, wutarta na kai da komo tsakanin ƙasa da sama ba ƙaƙƙautawa, matacciya kuwa ta kafe wuri ɗaya ko tana jan jiki. Kafin a yanke mata hukunci a duba ko salansa ta huje a gabanta, domin iskar waje da ke shiga ta nan tana ruɗar ta, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba man da inji ba ya buƙata, fulogi ya yi baƙi.

Wasu cututtukan kuma da hannu ake jawo su. Cire tamostat, wai don ƙasarmu da zafi, yana hana inji kai zafin aikinsa da wuri, musamman da asubar hunturu, ƙwaƙwalwa kuwa tana ba inji mai sanyi ƙarin mai. Yanke wayar sensa yana mayar da mota kan lissafin ko-ta-kwana, wanda ba ya tsimi. Mayar da injekta kafireto na kashe fitilar gargaɗi, amma direba zai biya a gidan mai kowace safiya.

Bai dace a sauke duka laifin a kan bakanike ba. Da yawa sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, a hannun iyayen gidan da ba su taɓa buƙatar mita ba, kuma direban da ya bar layi a tasha ba ya son jin a dakata a auna. Kayan aikin ma da sarƙaƙiya: Amurka ta wajabta tsarin OBD-II tun 1996, Turai sai 2001 ga motocin fetur, don haka ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu za ta karanta Corolla ta 2005, amma tsohuwar Golf 3 ta Turai sau da yawa sai da manhajar Volkswagen. Wannan abu ne da ƙungiya za ta iya ɗauka. Reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA da na direbobi ta NURTW a Malumfashi da Funtua suna da ikon haɗa kuɗi su sayi kwamfuta mai karanta tsofaffi da sababbi, da mita, da injin hayaƙi, su tura matasa biyu ko uku masu karatun sakandare su koyo, a riƙa biyan kuɗin awo daban da kuɗin gyara. Direba kuma ya riƙa neman a nuna masa adadin a silo da kuma a juyi 2,500, da ramin da hayaƙi ya fito, kafin ya ciro kuɗin sabuwar sensa.