Raddi ga Masu Cewa Mutuwar Ƙwaƙwalwa Ita Ce Ƙarshen Mutum

A watan Mayu na 2011, masanin sararin samaniya Stephen Hawking ya shaida wa jaridar Guardian ta Ingila cewa a ganinsa ƙwaƙwalwa kwamfuta ce, ranar da kayan cikinta suka lalace aikinta ya ƙare, kuma lalatacciyar kwamfuta ba ta da lahira. Ya ƙara da cewa zancen lahira tatsuniya ce ta masu tsoron duhu. Maganar ta yi tafiya har ta iso bakin wasu ɗalibanmu, suna maimaita ta kamar abin da aka auna a ɗakin gwaji. Ba a auna ta ba. Tsohon ra'ayi ne da malamanmu suka sani da sunan Dahriyya, Alƙur'ani ma ya ambace shi a Suratul Jasiya ya nuna zato ne kawai. Ƙwarewar Hawking a lissafi ba abin musu ba ce, amma a nan hujja za a bi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce: taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya canza. Suna kawo labarin Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a jihar Vermont ta Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba sai a 1860, amma likitansa John Harlow ya ruwaito cewa natsattsen mutum ya koma mai zafin rai da ashar. Suna haɗawa da ciwon mantuwa na tsufa, inda uwa kan kasa gane ɗan cikinta. Sai su ce: idan ɓarnar wani yanki tana cin wani yanki na mutum, ɓarnar duka za ta cinye shi duka.

Labarin gaskiya ne, sakamakon da aka ciro daga cikinsa ne ya fi ƙarfinsa. Abin da ya tabbata shi ne, muddin rai na cikin jiki, hayyaci ba ya bayyana sai ta ƙwaƙwalwa. Wannan kuwa babu malamin da ya musa. Shi ya sa shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci da mai barci. Abin da bai tabbata ba shi ne cewa ƙwaƙwalwa ce ke ƙera hayyacin. William James, wanda ya karanci likitanci a Harvard, ya fito da wannan bambanci a wata lacca a 1897: dogaron abu a kan wata gaɓa yana iya zama don ita ke samar da shi, yana kuma iya zama don ta cikinta yake wucewa. Rediyon da ya faɗi ƙasa muryarsa kan shaƙe, idan ya farfashe ta ɗauke gaba ɗaya, amma wannan bai nuna mai karanta labarai a cikin akwatin yake ba. Ban kawo misalin don ya tabbatar da ruhi ba. Na kawo shi don a ga cewa shaidar Gage ta dace da fassarori biyu, kuma wanda ya zaɓi ɗaya ya kira ta kimiyya ya shigo da aƙidarsa ne ta bayan gida.

Akwai kuma ramin da misalin kwamfuta ya tsallake. Na'ura tana nuna wane yanki na ƙwaƙwalwa ke aiki sa'ad da mutum ke jin zafi, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa ake samun mai jin zafin ba. Masanin falsafa David Chalmers ya kira wannan "matsala mai wuya" a 1995, kuma har yau ba a warware ta ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tunkare ta ta wata fuska: a ƙaddara mutum an halicce shi lokaci guda yana rataye a iska, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, duk da haka zai san yana nan. Wanda bai iya faɗin yadda nama ke zama sani ba, da wane tabbaci zai ce sani na ruɓewa tare da nama?

Sai su ce allurar barci ta tiyata tana shafe mutum na awoyi, mutuwa kuwa ita ce irin wannan ba farkawa. Amma abin da majiyyaci ke shaidawa shi ne bai tuna komai ba, rashin tunawa kuwa daban, rashin kasancewa daban. Mafarki nawa muke yi mu wayi gari babu ko ɗaya a ka? Kuma wanda ya farka shi ne dai wanda aka kwantar. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa, Suratuz Zumar ma ta haɗa su a aya guda.

Hujja ta uku: babu wanda ya je ya dawo. A nan sai na fara da jan kunnen namu. A 2001 likitan zuciya Pim van Lommel ya wallafa bincike a mujallar Lancet kan mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su a asibitocin Holan. 62 daga cikinsu sun ba da labarin abin da suka riska a wannan hali. Wasu masu wa'azi kan ɗauki wannan su ce ga lahira an gano. A'a. Waɗannan mutane ba su mutu ba, ajalinsu bai yi ba. A 2013 kuma Jimo Borjigin ta Jami'ar Michigan ta nuna ƙwaƙwalwar ɓera kan yi wani yunƙuri mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya, abin da zai iya bayyana wani ɓangare na labaran. Aƙida ba ta tsayuwa a kan irin wannan ƙasa. To amma abokin jayayya ma bai samu komai ba. Na'urarsa wutar ƙwaƙwalwa take aunawa. Idan layi ya miƙe, abin da ta faɗa shi ne ƙwaƙwalwa ta tsaya. Ba a ƙera ta don ta ga barzahu ba, don haka shirunta ba shaida ba ne.

Mu da muka ce rai na wanzuwa ba daga ɗakin gwaji muka samo ba, daga wahayi ne, kuma Ibnul Ƙayyim ya tattara nassoshin a Kitabur Ruh. Mai son rusa wannan sai ya fuskanci gaskiyar Annabta kai tsaye, can ne ainihin fagen muhawarar yake.

Saura zancen tsoron duhu, wanda masanin halayyar ɗan Adam Freud ya riga Hawking faɗin irinsa tun 1927. Abin da ya sa mutum ya yarda da magana ba shi ke sa ta zama gaskiya ko ƙarya ba. Ban da haka, lahirar da aka koya mana ba lallashi ba ce: akwai tambayar Munkar da Nakir, akwai azabar kabari, akwai ranar da za a karɓar wa maraya haƙƙinsa daga hannun wanda ya ci. Mumini kan kwana yana kuka saboda ita. Wanda ya cinye gadon marayu ya mutu a kan gadon alfarma, shi ne ya fi kowa bukatar a ce daga kabari babu sauran magana.