Chiefs da Eagles: Inda Ake Cin Wasan Zari-rugar Amurka

Duk mai kwance dilar gwanjo a kasuwar Maraɗi, ko Birnin Konni, ko Jibiya, ko Illela, ya saba cin karo da wasu riguna masu faɗin kafaɗa da ƙatuwar lamba gaba da baya. Waɗannan riguna ne na ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, wato gasar NFL, wadda ta fi kowace gasar wasanni kawo kuɗi a duniya. Idan an ga ja mai lamba 15 da sunan Mahomes, ta ƙungiyar Chiefs ce ta birnin Kansas City, idan kuma koriya ce mai lamba 1 da sunan Hurts, ta Eagles ce ta birnin Filadelfiya. Waɗannan ƙungiyoyi biyu sun kara sau huɗu tsakanin watan Fabrairu na 2023 da watan Satumba na 2025, biyu daga ciki a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl. Wanda ya fahimci abin da ya raba gardama a waɗannan karawa huɗu, ya samu ma'aunin da zai auna duk wani wasa da ke tafe, ko nasu ne ko na wasu.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, yadi irin wanda masu sayar da shadda da atamfa suka sani, sannan akwai ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, wanda shi ne gidan abokan gaba. Ana bai wa masu riƙe da ƙwallo dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Kai ƙwallo gidan abokan gaba maki 6 ne, da ƙarin maki 1 ko 2 a bayansa, buga shi da ƙafa ya bi tsakanin sanduna kuwa maki 3 ne. Mutumin da ke jefa ƙwallo, wanda suke kira kwatabak, shi ne madugun ayari, domin daga hannunsa kowane yunƙuri ke tashi. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne su tsare shi, a gaban waɗannan kuma akwai ƙartin ɗaya ɓangaren da ke neman kutsawa su kayar da shi kafin ya jefa.

Ƙartin gaba biyar da masu kutse huɗu

Masu sharhi a gidajen talabijin sun fi son maganar madugai, amma tarihin waɗannan ƙungiyoyi biyu ya nuna cewa a layin ƙarti ake yanke hukunci. A kakar 2022 masu kutsen Eagles sun kayar da madugan abokan karawa sau 70, adadin da babu wata ƙungiya da ta kusance shi a wannan shekara. Da aka zo wasan ƙarshe ranar 12 ga Fabrairu, 2023, a jihar Arizona, ko sau ɗaya ba su kayar da Patrick Mahomes ba, duk da cewa yana fama da ciwon idon sawu. 'Yan wasa sun yi ta ƙorafin santsin ciyawar filin, kuma santsi ya fi cutar da mai kutse, wanda ke buƙatar ya kafa ƙafa ya karkata. Eagles na gaba da ci 24 da 14 aka tafi hutun rabin lokaci, amma da aka dawo, duk lokacin da Chiefs suka karɓi ƙwallo sai sun ci maki, aka tashi 38 da 35.

Bayan shekara biyu, ranar 9 ga Fabrairu, 2025, suka sake haɗuwa a birnin New Orleans, Chiefs na neman cin kofi karo na uku a jere, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi tun da aka fara Super Bowl. A wannan karon labari ya sha bamban. Chiefs sun sha wahala duk kakar wajen samun wanda zai tsare gefen hagu, wato bayan Mahomes inda ba ya gani sa'ad da yake shirin jifa, har suka ɗauko Joe Thuney daga cikin layi suka tura shi can. Mai tsara tsaron Eagles, Vic Fangio, bai tura ko mutum ɗaya na ƙari ba, ƙartinsa huɗu kaɗai ya saki, suka kayar da Mahomes sau 6. Kafin hutun rabin lokaci Chiefs yadi 23 kacal suka ci, ana 24 da nema. Sai da aka kai 34 da nema kafin su ci makinsu na farko, aka tashi 40 da 22.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ke da nauyi a bayyane yake. Idan mutum huɗu sun isa su takura wa madugu, saura bakwai suna baya suna tsare masu karɓar ƙwallo, waɗanda ba su wuce biyar ba. Idan kuwa sai an tura biyar ko shida, to an buɗe ƙofa a baya, kuma Mahomes ya yi suna wajen gano irin wannan ƙofa cikin daƙiƙa biyu. Haka ta faru da shi a Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar Tampa Bay ta doke Chiefs 31 da 9, a ranar da masu tsaron gefensa biyu duka suke jinya. Saboda haka tambaya ta farko kafin kowane wasa ita ce: su wane ne biyar ɗin da za su tsaya a gaban madugu, kuma dukkansu lafiya lau suke?

Wa za a tsare, mai gudu ko mai jifa?

Karawa ta biyu ita ce tsakanin tsaron Chiefs da harin Eagles. A kakar 2024 Saquon Barkley ya ci yadi 2,005 da gudu, abin da 'yan wasa ƙalilan suka taɓa yi a tarihin gasar. Mai tsara tsaron Chiefs, Steve Spagnuolo, ya tara mutanensa kusa da layi domin ya toshe masa hanya, kuma ya yi nasara, don Barkley ya ɗauki ƙwallo sau 25 amma yadi 57 kawai ya ci. Sai dai bargon gajere ne, in an rufe kai ƙafa ta fito. Masu karɓar ƙwallo na Eagles, A.J. Brown da DeVonta Smith, sun samu kansu da mai gadi ɗai-ɗai, kowannensu ya ci maki 6, shi kuma Jalen Hurts ya ci yadi 221 da jifa, ya ƙara da yadi 72 da ƙafarsa, aka ba shi kyautar gwarzon wasa.

Wannan shi ne amfanin madugu mai iya gudu. A tsohon tsari, da zarar madugu ya miƙa ƙwallo ga mai gudu, ya fita daga lissafi, sai ya zama mutum 10 ke fuskantar 11. Idan kuwa shi ma ana tsoron ƙafarsa, dole a ware masa mai gadi, lissafi ya dawo daidai. Ko a wasan 2023 da Eagles suka faɗi, Hurts ya kai ƙwallo gida sau uku da ƙafarsa, ya kuma ci yadi 304 da jifa.

Akwai kuma dabarar nan ta yadi ɗaya da ta jawo ce-ce-ku-ce. Idan saura yadi ɗaya, Hurts kan karɓi ƙwallo ya sunkuya, ƙartin gaba su danna, wasu biyu kuma su tura shi ta baya kamar motar da ta maƙale a yashi. Da ita suka ci makin farko a New Orleans. A watan Mayu na 2025 masu ƙungiyoyi sun kaɗa ƙuri'a kan a haramta ta, 22 suka goyi baya, 10 suka ƙi, alhali ana bukatar 24, sai shawarar ta faɗi. Muhimmancinta shi ne, ƙungiyar da ta tabbatar za ta ci yadin ƙarshe ba ta bukatar yadi 10 a dama uku, tana neman yadi 9 ne kawai, sannan ta yi amfani da dama ta huɗu ba tare da fargaba ba.

Ƙwallon da ya suɓuce

Abu na uku shi ne asarar ƙwallo, kuma a dukkan karawar huɗu ya taka rawa. A 2023 ƙwallo ya suɓuce daga hannun Hurts sau ɗaya tak, Nick Bolton na Chiefs ya ɗauka ya ruga da shi gida. Maki 7 ke nan da ƙarin bugu, a wasan da aka tashi da ratar maki 3. A watan Nuwamba na wannan shekara, a Kansas City, Chiefs na gaba da ci 17 da 7 aka tafi hutu, da aka dawo ƙwallo ya faɗi daga hannun Travis Kelce kusa da gidan Eagles, Chiefs ba su ƙara ko maki ɗaya ba, aka doke su 21 da 17. A New Orleans an cafke jifan Mahomes sau biyu kafin hutu, ɗaya daga ciki Cooper DeJean ne ya cafke ya kai gida a ranar da ya cika shekara 22 da haihuwa. A watan Satumba na 2025 ma, ƙwallo ya doki hannun Kelce a bakin gida ya faɗa hannun Andrew Mukuba, Eagles suka ci 20 da 17.

'Yan kasuwa sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro wasan: kaya ɗaya da ya ɓace a hanya kan cinye ribar tafiya goma. A wasan da kowane ɓangare ke riƙe ƙwallo kimanin sau 10 zuwa 12 kacal, asara ɗaya babban giɓi ne. Sai dai shi wannan ɓangare ba ya hasashuwa sosai, domin suɓucewa ba ta da ranar da aka sa mata. Abin da ake iya hasashe shi ne matsin lamba, tunda madugun da ake bi da gudu shi ke yin jifan gaggawa. Ta nan magana ta sake komawa kan ƙartin gaba.

Kuɗi na sauya ƙungiya

Kuskuren da masu kallo daga nesa ke yawan yi shi ne ɗaukar cewa ƙungiyar bara ita ce ta bana. Gasar NFL na da dokar ƙayyade albashi, wadda a 2025 ta tsaya kan dala miliyan 279 da ɗoriya ga kowace ƙungiya cikin 32. Wanda ya ci kofi, farashin 'yan wasansa kan tashi, shi kuma ba shi da ikon biyan kowa. Wata ɗaya bayan nasarar New Orleans, Josh Sweat da Milton Williams, waɗanda su biyu ne suka fi kayar da Mahomes a ranar, sun bar Eagles, na farko ya tafi Arizona, na biyu New England. Su kuma Chiefs sun miƙa Thuney ga ƙungiyar Chicago, suka ɗauki matashi Josh Simmons a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa domin toshe gefen hagu. A watan Disamba na 2025 Mahomes ya ji mummunan rauni a gwiwa, kuma a wannan kaka Chiefs ba su kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, karo na farko tun kakar 2014.

Akwai hannun 'yan Afirka a cikin wannan labari. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya buga wa Chiefs daga 1987 zuwa 1992, kuma a 1989 ya fi kowa cin yadi da gudu a gasar. Moro Ojomo, haifaffen Legas, yana cikin masu kutsen Eagles da suka ci kofi a 2025. Hukumar gasar ta gudanar da sansanin neman matasa a Accra a 2022, da Nairobi a 2023, da Legas a 2024, kuma abin da take nema galibi ƙarti ne masu tsawo da sauri, wato mutanen layin gaba.

Ƙungiyoyin biyu suna rukuni daban-daban, Chiefs a AFC, Eagles a NFC, saboda haka ba kowace shekara jadawali ke haɗa su ba. Wasan ƙarshe kuwa ana fara shi da ƙarfe 6:30 na yamma agogon gabashin Amurka, wato 12:30 na dare agogon Nijar da Nijeriya, kuma yakan wuce sa'a uku, ko da yake lokacin wasan kansa minti 60 ne. Wanda zai hana idonsa barci domin kallo, ya kawar da ido daga ƙwallon a daƙiƙa uku na farko, ya dubi layin ƙarti: in masu kutse huɗu suna tura na gaba baya, ya riga ya san inda wasan ya dosa.

Ga matasan da ke kai kuɗinsu shagunan caca kuma, akwai abin lura. A 2023 kamfanonin caca sun ba Eagles ɗan rinjaye, Chiefs suka ci. A 2025 suka ba Chiefs ɗan rinjaye, Eagles suka ci da ratar maki 18. Waɗannan kamfanoni suna da ƙwararru da na'urori da duk bayanan raunin 'yan wasa, amma sau biyu wanda suka fifita ya faɗi, kuma duk da haka ba su suka yi asara ba, domin suna cire kasonsu daga kowane ɓangare. Wanda ke da jari a hannu ya san inda ya fi dacewa ya sa shi.