Ayari Ba Ya Tafiya da Madugu Kaɗai

A damunar da ta wuce, wani ɗan kasuwa da na daɗe da sani, mai sayar da kayan masarufi a kan sari a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Kano, ya kwanta rashin lafiya har aka fitar da shi Misira. Mako shida ya yi a can. Yana da shaguna uku da sito biyu da yara goma sha ɗaya, cikinsu har da wanda ya shekara goma sha bakwai a ƙarƙashinsa. Ranar da na leƙa don in yi musu ya mai jiki, na tarar da kaya maƙil har rufi, na kuma tarar da wani mai saye daga Gusau zaune a kan benci tun hantsi. Ya riga ya tura kuɗinsa ta banki, amma saƙon shigar kuɗi wayar Alhaji yake zuwa, wayar kuwa tana kashe tun da aka shiga da shi ɗakin tiyata. Babu wanda yake da ikon cewa a loda. Babu wanda zai iya rage ko naira ɗari a kan katan. Babu ma wanda ya san adadin bashin da ake bin mutane, domin littafin yana cikin kan maigida. Kwana biyu bawan Allahn nan ya yi yana biyan kuɗin zaman mota kafin a sallame shi. Da ya sake zuwa Kano, shagon maƙwabci ya nufa.

Mai karatu, wannan ba labarin mutum ɗaya ba ne. Idan muka zauna muna lissafa abin da ke karya kasuwanci a Arewa, mukan ambaci rashin wuta, da tsadar dala, da haraji kan haraji, da rashin tsaro a hanya. Duk gaskiya ne. Sai dai waɗannan musibu kan kowa suke sauka, amma ga shi wani ya durƙushe, maƙwabcinsa ya miƙe. Abin da ba mu cika son taɓawa ba shi ne abin da yake cikin gida: da wace dabara kake neman rinjaye a kasuwa, kuma yaya ka tsara mutanenka don su ɗauki wannan dabarar?

Masana sun daɗe da yin magana a kai. A 1962 wani masanin tarihin kasuwanci a Amurka, Alfred Chandler, ya bi diddigin manyan kamfanoni huɗu, ciki har da General Motors da DuPont, ya fito da cewa duk kamfanin da ya sauya hanyar neman riba bai sauya tsarin gidansa ba, to ya sayi rikici da kuɗinsa. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Henry Ford. Mota iri ɗaya ya yi ta ƙerawa daga 1908, wato Model T, yana rage farashi har ta sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300. A farkon shekarun 1920 fiye da rabin motocin da ake saye a Amurka nasa ne. Dabararsa arha ce, kuma ta yi masa rana. Amma kamfanin gaba ɗaya a tafin hannunsa yake, wanda ya ce masa zamani ya juya sai ya nemi wani aikin. Shi kuwa Alfred Sloan, da ya zama shugaban General Motors a 1923, sai ya raba kamfanin sashe-sashe, Chevrolet ga mai ƙaramin ƙarfi, Cadillac ga mai hannu da shuni, kowane sashe da shugabansa mai ikon yanke shawara, hedikwata kuma ta riƙe lissafi da rabon jari. A 1927 dole Ford ya dakatar da masana'antarsa na tsawon watanni don ya sauya mota. Daga farkon shekarun 1930 General Motors ta shige gaba, ta kuma daɗe a can.

Na kawo wannan ne a gurguje, domin ba sai mun je Amurka neman darasin ba. Kakanninmu sun riga Chandler saninsa, a kan hanyar Gwanja.

Ayarin fataken goro da yake tashi daga Kano zuwa Salaga, tafiyar watanni ce, da ɗaruruwan mutane da jakuna, wani lokaci dubbai, ta ƙasashen da ba a jin Hausa, ga koguna ga 'yan fashi. Dabarar neman ribarsu a fili take: a kai tufafi da kanwa da fatu inda suke da tsada, a dawo da goro inda ake marmarinsa, a kuma tafi da yawa don yawan ya rage tsadar hanya da haɗarinta. To dubi yadda suka tsara kansu don wannan. Akwai madugu, shi ne uban tafiya, shi yake ganawa da sarakuna. Akwai jagaba, wanda ya san hanya da mashigi da inda za a yada zango. Akwai uban dawaki, mai kula da tara abin da za a biya na fito da na wucewa. Akwai malamin ayari, mai alƙalami da addu'a. Idan an isa gari kuma, ga mai masauki da dillalansa, shi ke tsaya wa baƙo, shi ke lamunce bashi. Kowane falke da jarinsa da hajarsa, amma babu wanda yake shiga aikin wani. Madugu, duk isarsa, bai taɓa cewa sai shi zai nuna hanya, shi zai karɓi kuɗin fito, shi zai riƙe takarda ba. Da ya yi haka, da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ba su yi sunan da suka yi ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ya faru lokacin da hanyar ta mutu. Jirgin ruwa ya fara ɗaukar goro daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Jaki ba zai yi tsere da tururi ba. Maduga da yawa sun tsaya suna jimamin zamanin da ya wuce. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara bin hanyar ruwan da goronsu. Turawa sun shimfiɗa layin dogo da tunanin auduga, manoman ƙasar Kano kuwa suka ga gyaɗa ta fi, kasuwarta ta buɗe tun daga 1912. Ɗantata ya sake juyawa, ya zama wakilin sayen gyaɗa ga kamfanin Turawan da daga baya ya narke cikin UAC. Sabuwar haja ta buƙaci sabon tsari, domin gyaɗa ba a zango ɗaya take ba, tana warwatse a ƙauyuka. Sai ya baza wakilai, ya ba su jari tun kafin kaka, kowa da yankinsa, kowa da ikon yin ciniki ba tare da ya aiko gida tambaya ba, a ƙarshen kaka a zauna a yi lissafi. Ya rasu a 1955, gidan kuma bai rasu da shi ba, don an riga an mayar da harkar kamfani mai ɗauke da sunansa da na 'ya'yansa.

Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, ya yi irin wannan juyi a kan siminti. Ya daɗe yana shigo da shi daga waje. Da gwamnatin Obasanjo ta fito da manufa a 2002 cewa lasisin shigo da siminti sai ga wanda zai kafa masana'anta a gida, ya zuba jari a Obajana ta Jihar Kogi, wadda ta fara aiki a 2007, sannan Ibese ta Jihar Ogun. Dabarar ita ce a mallaki komai tun daga dutsen da ake haƙowa, da wutar da ake ƙona shi da ita, har motar da za ta kai buhu bakin shago, don kuɗin samarwa ya faɗi ƙasa da na kowa. Irin wannan ba ya gudana daga aljihun mutum ɗaya. A 2010 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari, da hukumar daraktoci, da masu binciken lissafi daga waje, da rahoton da kowa zai iya karantawa. BUA ma ta haɗe masana'antunta na Sakkwato da Edo ta shiga kasuwar a 2020. Ba na cikin masu ganin abin duk basira ce. Kariyar gwamnati ta taka rawa babba, kuma kasuwar da kamfanoni uku suka mamaye ba ta yi wa mai ginin ɗaki biyu sauƙi ba, wannan kuwa batu ne na wani makon. Amma manufar ta buɗe wa duk masu shigo da siminti ƙofa ɗaya, ba duka suka iya shiga ba.

Yanzu a dawo kasuwanninmu. Michael Porter na Jami'ar Harvard ya yi bayani a 1980 cewa hanyoyin rinjaye a kasuwa ba su da yawa: ko ka fi kowa arha, ko ka zo da abin da ba a samu a wajen kowa ba, ko ka zaɓi wani rukunin masu saye ka san su fiye da kowa. Wanda ya tsaya tsakiya, ga shi nan dai, shi ake fara ci. Shekara da shekaru ribar ɗan Kantin Kwari a kan abu ɗaya ta dogara: shi ya san hanyar Dubai da Guangzhou, mai saye daga Diffa ko Abeche bai sani ba. Yau mai masana'antar da kansa ya turo wakilinsa Kano, mai sayen kuma yana ganin samfur da farashi a wayarsa. A 2012 jami'an shige da fice sun kama wasu 'yan China masu sayar da yadi a kasuwar, aka yi ta murna, amma kamen bai mayar da hannun agogo baya ba. Ba za ka fi mai masana'anta arha ba. Abin da ya rage maka shi ne abin da ba shi da shi: sanin wane zane matan Damagaram za su so da Sallah, sanin wa za a ba bashi ya biya, suna da tambarin da aka yarda da su, saurin kai kaya Yola cikin kwana biyu. Duk waɗannan ilimi ne da yake hannun yaran da ke tsaye a gaban kanta, waɗanda ba a tambayarsu, ba a kuma ba su ikon yanke komai.

Na san amsar da masu gida za su ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce, “Malam, kai ba ka taɓa ba yaro makullin sito ka dawo ka tarar da bango ba.” Na ji labarai masu sa hawaye a kan haka. Amma a lura, cin amana ya fi samun wuri inda babu rubutu. Inda mai karɓar kuɗi daban, mai fitar da kaya daban, mai ƙirga abin da ya rage duk ƙarshen mako daban, ɓarawo sai ya nemi abokai biyu kafin ya yi sata. Inda kuwa yaro ya shekara goma sha bakwai ba albashi sananne, ba kaso a riba, ba ranar da aka ce za a sallame shi da jari, sai abin da zuciyar maigida ta ga dama, to an ajiye kura kusa da akuya ana fatan ta yi azumi. Abin mamaki, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu ne muke ganin neman sa hannu kamar zargi ne.

Ba kuma cewa nake yi mai teburin shayi ya naɗa daraktoci ba. Tsari ma yana da tsadarsa, idan ya yi yawa yakan shaƙe harka, kamar yadda muka gani a kamfanonin gwamnati inda takardar sayen ƙusa take zagaya ofis bakwai. Gwargwadon tafiya, gwargwadon ayari. Mai shago ɗaya ya raba aljihunsa da akwatin ciniki, ya yanka wa kansa albashi, ya riga ya yi rabin aikin. Mai shaguna uku yana buƙatar asusun banki da sunan harkar, da mutum na biyu mai sa hannu, da iyakar da aka rubuta cewa manaja yana iya rage kaza, yana iya ba da bashi har kaza.

Sannan ga maganar da ba a son yi, wato mutuwa. Sau nawa muka ga an raba gado, wannan ya ɗauki shago, wancan ya ɗauki mota, waccan an ba ta sauran kaya, masu bashi suka yi shiru don babu takarda, bayan shekara uku sunan da aka yi shekara arba'in ana ginawa ya ɓace daga kasuwa? Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya tak damar yin rajistar kamfani a hukumar CAC. Idan dukiyar tana cikin kamfani, abin da magada za su raba hannun jari ne, kowa ya sami rabonsa daidai yadda shari'a ta yanka masa, wanda yake son fita a saya nasa, injin kuma ya ci gaba da juyawa. Wannan aiki ne da ya kamata malamanmu masu rabon gado da lauyoyi da shugabannin kasuwa su zauna a kai, don yawancin 'yan kasuwa ba su san ma akwai wannan hanyar ba.

Abokin nawa Allah Ya ba shi lafiya, ya dawo. Da na je gaishe shi na ba shi labarin mutumin Gusau, na faɗa masa kusan duk abin da na rubuta a nan. Ya saurare ni da kyau, ya ce lallai akwai gyara. Makon jiya na sake leƙawa, ya nuna mini ya buɗe asusu na biyu da sunan shagon, ya kuma sayi wata waya ta musamman don saƙon banki. Na tambaye shi a hannun wa take kwana. Ya yi dariya, ya dafa ɗaya aljihun.