Hannu ma yana karatu

Ɗan'uwa mai karatu, ka tuna lokacin da takarda ba ta gaya maka komai. Yau ga shi kana karanta ta da kanka. To, ka tuna da yaron unguwarku da ba ya gani. Shi ma yana iya koyo. Hannunsa ne idonsa.

Wasu na cewa makaho ba ruwansa da taswira, ɗan jagora ya ishe shi. Ni ban yarda ba. Ɗan jagora yakan gaji, yakan yi tafiya. Yaron da ya san hanya a cikin kansa ba ya jiran kowa.

Abin ba sabo ba ne. A Faransa, Luwi Birai ya makance tun yana ƙarami. A 1824, yana da shekara 15, ya ƙago rubutun makafi mai ɗigo 6. A 1837 kuma, a Amurka, an buga littafin taswirori masu tudu-tudu don makafi.

Kai ma kana iya yin irin ta a gida. Samu kwali da ƙaro. Manna igiya, ita ce hanya. Ƙwarar wake, gida ke nan. Yashi ya zama fili. Kada ka cika kaya da yawa. Ido na ganin abu duka gaba ɗaya, amma yatsa sai ɗaya bayan ɗaya. Kuma kada ka sake alama: in wake gida ne yau, gobe ma gida ne.

Fara da gidanku: ɗaki, zaure, rumbu. Yaro ya shafa da hannu biyu. Sa'an nan ku tashi ku taka hanyar da ƙafa. Daga nan sai unguwa: masallaci, rijiya, kasuwa. In ya gane, sai ƙasarmu Nijar. Ya bi babban titi da yatsa, daga Yamai zuwa Doso, Ƙwanni, Maraɗi, Damagaram, har Difa. Sannu ba ta hana zuwa.

Za ka ce ba ka da lokaci. Ai kai ma wani ne ya zauna ya koya maka baƙi da wasali. Kada a ce rabon yaron nan sai ƙwaryar bara. Yau da marece ka nemi kwali, ka kira shi, ku fara daga ƙofar gida.