Tamfol Ba Gida Ba Ne

A shekarar 2014, da Boko Haram ta ci Gwoza da Bama, dubban mutane suka kwararo Maiduguri daga su sai kayan jikinsu. Aka zuba su a sansanoni irin su Bakassi da Dalori, aka kafa musu rumfunan tamfol, aka ce na ɗan lokaci ne. Yau akwai yaran da aka haifa a waccan shekarar, sun haura shekara goma, ba su taɓa kwana a ɗakin da ake kulle ƙofarsa ba. Wannan abin kunya ne, kuma mu duka ya shafa.

Duk wanda ya shiga ɗakin tamfol da tsakar rana a watan Afrilu ya san tanderu ne. Da damina, uwa takan kwana a tsaye, ta naɗe tabarma, ta goya ƙaramin, tana tare ruwa da kwanon abinci. Da hunturu kuwa, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya cinye layi guda, kamar yadda gobara ta sha yi a sansanin Muna. Miji da mata da 'ya'ya baligai a rumfa ɗaya, ina sutura, ina mutunci?

A 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri, aka ba mutane kuɗi da abinci aka sallame su. An gina gidaje a wasu garuruwa, ba a musu. Amma da yawa sun tarar garinsu ba ya zaunuwa, gona ba ta shiguwa, suka ƙare a kangaye da sababbin bukkoki a bayan gari. An gudu ba a tsira ba. Rufe sansani daban, ba mutum gida daban. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, sai da aka sake buɗe Bakassi ɗin nan da aka rufe.

Kada wanda ya ce mana abin ya gagara. A Ngarannam, cikin ƙaramar hukumar Mafa, an sake gina gari sukutum aka buɗe a 2022, da makaranta da kasuwa da wurin shan magani. An tambayi mutanen irin gidan da suke so, har zaure aka yi musu. Me ya hana a yi irinsa ɗari?

Kuma ba sai an jira siminti mai tsada ba. Ƙasa tana nan, magina suna nan, a cikin 'yan gudun hijirar ma akwai su. Ginin laka mai kauri ya fi bulo sanyi, idan aka yi masa harsashi mai kyau da rufi mai tsiyayar da ruwa, sai jika ya gada. A biya su su gina da hannunsu, a haƙa rijiyar burtsatse, a ba kowane magidanci da kowace bazawara takardar fili da sunansu, don kada gobe wani ya ce su tashi.

Ƙungiyoyin agaji, ku daina sabunta tamfol kowace shekara kuna ɗaukar hoto. Attajiranmu masu jera gidaje a kulle, ku tuna da waƙafi. Hukumomi kuma, ku sani za a tambaye ku. Wanda ya bar ɗan'uwansa shekara goma a cikin leda bai taimake shi ba, ajiye shi ya yi.