Kada Mu Sayar Da Amalanke Don Mu Sayi Babur



A watan jiya na je duba wata makarantar yaƙi da jahilci a wani ƙauye na ƙasar Mirya. Da aka tashi daga karatu, sai wani dattijo daga cikin ɗalibai ya ja ni gefe. Ya ce ɗansa ya dame shi da magana guda: a sayar da sa da amalanke, a cika kuɗi a saya masa babur. Hujjar yaron ita ce sa'o'insa duka sun hau babur, shi kaɗai ake gani bisa amalanke ranar Lahadi in za a ci kasuwar Mirya. Dattijon ya ce mini: "Malam, me ka gani?" Na ce masa: "Baba, yanzu ka iya rubutu da lissafi. Ɗauko littafinka mu gani tare."

Ga lissafin da muka yi. Mu ce babur yana shan man fetur lita 1 kowace rana. A wata ya sha lita 30, a shekara lita 360. Mu ce kuma kuɗin lita dala 100 ne. A wata jika 15 ke nan, a shekara jika 180. Ba mu sa kuɗin baƙin mai ba, ba mu sa taya da gyara ba. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ashe wani baki ne zan ƙara a gida."

Akwai lissafi na biyu wanda ba ya fita daga aljihu, amma dukanmu muke biyan sa. Kowace lita ta fetur in ta ƙone, tana haɗuwa da iska ta saki hayaƙin da masana ke kira kabon, mai nauyin kilo 2 da ɗan ɗori. Ido ba ya ganin sa, amma yana nan. Lita 360 tana sakin kabon fiye da kilo 800. Nauyin buhun hatsi 8 ke nan na kilo 100, daga babur guda, a shekara guda.

Wannan kabon yana taruwa a sama ya zama kamar bargo. Zafin rana yana shigowa, amma bargon ya hana wani sashe nasa fita. Da haka duniya ke ƙara ɗumi, damana kuma ta rikice. Wata shekara ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin bunni, wata shekara ya sauko da ƙarfin da ƙasa ba ta iya shanyewa. Ba mu manta da damanar 2024 ba. Ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta rushe dubban gidaje. A watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya faɗi saboda ruwa. Masanan da suka bincika sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan damana ƙarfi.

Wani zai ce: "To, mu ne muka ɓata sama?" Gaskiya ne, laifinmu kaɗan ne. Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke saki ba. In aka raba na Nijar ga mutanenta, kowa zai tashi da wajen buhu 1 a shekara, alhali mutumin Amurka yana sakin fiye da buhu 100. Manyan ƙasashe su ne da babban nauyi, kuma sun yi alkawarin ragewa a taron Paris na 2015. Ya kamata su cika alkawari. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sun gina rayuwarsu bisa mai, yau suna kashe kuɗi masu yawa don su koma ga keke da motar haya. Mu da keke da amalanke ke hannunmu har yanzu, me zai sa mu yar da su?

Mu tuna kuma cewa mai ba shi da amana. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut ta fara aiki a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana. Duk da haka, shekara da shekaru baburan Damagaram da yawa sun dogara ga ruwa-ruwa mai shigowa daga Nijeriya. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta cire tallafin mai, sai kuɗin kwalba ya tashi. A watan Maris na 2025 mai ya yi wuya a ƙasarmu, mutane suka yini a layi gaban gidajen mai. A kwanakin nan mai keke bai tsaya ba, mai amalanke bai tsaya ba.

Dubi abincin san amalanke. Yana cin harawa da kara da dusa da ƴaƴan gawo, duka daga gonarka. Abin da ya ci yana komawa gona ya zama taki. A ƙasashen Mirya da Magarya da Matamai, manoma sun raya gawo cikin gonakinsu tun shekarun 1980, har mutane na zuwa daga ƙasashen waje su ga aikin. Gawo yana shan kabon daga iska, yana ba gona inuwa da taki, yana ciyar da dabba. Dabbar kuma ta kai taki gona, ta kawo damman hatsi gida, ta ɗauko ruwa. In sa ya yi ƙiba ka sayar da riba ka sayi ƙarami. Babur kuwa tun ranar da aka saye shi kuɗinsa ke raguwa.

Tafiya da dabba ba abin kunya ba ce a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, ayarin raƙuma ne ke tashi daga Zango ya ratsa Sahara har Tarabulus, ya komo da kaya. Da su garin ya yi suna da arziki.

Akwai kuma maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. In ka yi minti 30 kana tafiya da ƙafa ko kana tuƙa keke, kwana 5 a mako, ka cika. Wannan yana taimakawa wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke yawaita a garuruwanmu. Hayaƙin babur kuwa yana shiga huhu, yana tayar da tari da fuka, musamman ga yara da mata masu sana'a a bakin hanya.

Ba na cewa babur ba shi da amfani. Ni kaina da babur nake kewaya makarantu masu nisa. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ko maciji ya sari yaro, babur da mota su ne masu ceton rai. Akwai hanyoyin rairayi da keke ba ya iya bi. Samari da yawa kuma da kabu-kabu suke ciyar da iyali, sana'a ce ta halal. Abin da nake cewa shi ne kowace tafiya a ba ta abin hawan da ya dace da ita.

Ga shawarata ga kowane gida:

1. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 2 ba, kamar masallaci ko makaranta ko gidan suna, a yi ta da ƙafa ko da keke, da safe ko da la'asar in rana ta yi sanyi.

2. A haɗa bukatu cikin tafiya guda. In za ka kasuwar Dole ranar Alhamis, ka tambayi uwargida da maƙwabta abin da suke so tun daren Laraba.

3. Mutanen gari guda su haɗa kai su shiga mota guda ko amalanke guda ranar kasuwa.

4. Mai babur ya riƙa duba iskar taya, ya wanke matacin iska, ya sake baƙin mai a kan lokaci. Ya kashe inji in ya tsaya gaisuwa. Ya rage gudu, ya sa hular kwano.

5. Mai amalanke ya tausaya wa dabbarsa. Kada ya yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ya ba ta ruwa da hutu. Ya liƙa abu mai ƙyalli a bayan amalanke don mota ta gan shi da dare.

6. A buɗe shafi cikin littafin rubutu. Kowace lita da aka saya a rubuta ranar da kuɗinta da dalilin tafiyar. In wata ya ƙare a tara, a ga tafiyar da ta zama dole da wadda ba ta zama ba.

Ina kira kuma ga magadan gari da sarakunanmu da su dasa itatuwa a bakin hanyoyi, su kula da su, don mai ƙafa da mai keke su samu inuwa.

Dattijon nan bai sayar da sansa ba. Ya nuna wa ɗansa shafin lissafin, suka shirya a saya masa keke in an yi girbi. Ku ma ku gwada wannan lissafi a gidajenku, ku kawo shi makaranta mu duba tare.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, amin.