FILIN LAFIYA: Ciwon Da Kunya Ta Ɓoye, Inshora Kuma Ta Ƙi Ɗauka

Hausawa suka ce ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu akwai wata cuta da mata ke fama da ita a ɓoye, domin kunya ta hana su faɗa, talauci kuma ya hana su zuwa asibiti. Cutar ita ce girman nono fiye da kima, har ya zame wa mace kaya.

Likitoci sun tabbatar da cewa irin wannan girma yana jawo ciwon wuya da kafaɗa da baya, yana sa fata ta goge ta yi gyambo a ƙarƙashin nono, musamman a ƙasar Kudu inda zafi da laima ba sa rabuwa. Wasu matan yakan same su tun lokacin balaga, wasu kuwa da juna biyu, inda nono kan yi ta kumbura har fata ta tsage. Matar da ke sayar da abinci a bakin kasuwa, ko mai tuya tun asuba, in bayanta ya ƙi, to, abincin gidanta ya tsaya. Maganin da ke kawar da matsalar shi ne aikin tiyata na rage nonon, kuma akwai ƙwararru a kusa: Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Inugu yana da sashen ƙuna da gyaran jiki, haka nan akwai asibitocin koyarwa a Ituku-Ozalla da Nnewi da Fatakwal. Abin tambaya shi ne, wa zai biya?

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, da Doka ta 35 ta shekarar 1999, amma bai fara aiki ba sai a 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara ɗauka, kowa da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mahauci da ɗan tireda da mai sayar da albasa ba su cikin wannan lissafi. Ko waɗanda suka shiga ma, ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2012 sun sa aikin gyaran nono cikin jerin abubuwan da inshora ba za ta biya ba sam. Da wannan layi ɗaya aka haɗa mai neman ado da mai neman lafiya, aka yi musu kuɗin goro.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Jihohin Ribas da Anambra da Inugu kowace tana da hukumarta ta inshorar lafiya. Sai dai har yanzu mafi yawan kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fita, kuma baƙo ne ya fi shan wahala, domin sau da yawa ba ya jin labarin rajista, in ma ya ji yakan ɗauka abin na 'yan jiha ne kaɗai. Alhali kuwa Hausawa ba jiya suka zo ba. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Jama'ar da ta daɗe haka tana biyan haraji tana da haƙƙi a asibitin garin.

Wasu ƙasashe sun raba zare da abawa. A Ingila hukumar lafiya takan biya aikin idan likita ya nuna ciwon ya ƙi jin sauran magunguna. A Amurka kamfanonin inshora da yawa sukan duba yawan naman da za a cire gwargwadon girman jikin mace kafin su amince, kuma wata doka ta 1998 ta tilasta musu biyan gyaran nono ga matar da aka yanke mata shi saboda ciwon daji. Ma'auni suka kafa, suka bar wa likita hukunci.

Ta fuskar addini ma an yi bayani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a ƙasar Malesiya, ta bambanta tiyatar son zuciya da tiyatar larura, ta kuma halatta gyara nono idan girmansa ya kai ga cuta. Saboda haka maigidan da ke hana matarsa zuwa asibiti da sunan sauya halitta, ya kamata ya koma wurin malamai ya ƙara tambaya.

Abin yi a nan uku ne. Na farko, hukumar NHIA da hukumomin jihohi su rubuta a fili cewa aikin da likita ya shaida larura ce za a biya shi, ko da rabi ne. Na biyu, sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa na waɗannan garuruwa su gayyato jami'an inshora zuwa masallatai da kasuwanni, a yi wa jama'a bayani da Hausa, a yi rajista ƙungiya-ƙungiya kamar yadda ake adashi. Na uku, duk wadda ke da wannan larura ta je asibiti tun da wuri, ta adana katinta da takardun magani, domin su ne hujjarta ranar da za ta nemi taimako. Ta kuma guji masu tallar maganin shafawa da ke cewa suna rage nono, ta tambayi likita batun shayarwa kafin a yi aikin, domin yana iya rage ruwan nono. Kumburin da ya zo a nono ɗaya, ko ƙullutu, wannan ba ya jira ko kwana ɗaya.

Mata su ne ginshiƙin gida a zaman baƙunci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa hukuma ta ji, amin.